Lambun dashen dabino na hanyar Dutse: ku saya, amma kar wanda ya ce muku ya san macen leda

Jama'a salamu alaikum. Masu kirana a waya da masu tare ni bayan masallaci akan wajen da na sayo dashen dabinon da na sa a gonarmu ta bakin fadama, gara in rubuta shi gaba ɗaya kowa ya karanta a huta, dan maganar tana da tsawo kuma a tsaye ba ta ƙarewa. Wajen lambun wani dattijo ne, yana kan hanya in ka baro Kiyawa ka nufi Dutse sai ka ɗan sauka daga titi ka bi burji. Ba zan kama suna ba saboda akwai yabo akwai kuma ƙorafi a abin da zan faɗa, wanda yake so da gaske ya same ni in masa kwatance.

A taƙaice dai wajen ya yi, zan sake komawa, amma ba komai nasu zan ce ka saya ido rufe ba.

Abin da suke sayarwa: dashen dabino iri biyu, na leda wanda aka shuka daga ƙwallo, da ɗan gindi wanda ake ɓallowa daga jikin uwa. Sai gwanda, mangwaro mai aure, lemo da gwaba, waɗannan ban tsaya kansu sosai ba in banda gwandar da zan zo kanta. Sannan suna da wani aiki da ban ga kowa yana yi ba a yankinmu, wato in dabinonka ya yi fure za su turo yaro ya hau ya yi masa barbara da garin furen namijinsu, ka biya kuɗin aiki da na mashin.

Wanda ya fara tarbata yaron wajen ne, matashi haka mai baki, ya kai ni layin na leda an jera su reras ƙarƙashin rumfar kara, ganye shar, kowanne bai fi kamu biyu ba. Tun kafin in buɗe baki yace Malam waɗannan duk mata ne, zaɓaɓɓu, ka ga ganyen ya yi laushi ya kwanta, namiji ganyensa a miƙe yake da ƙaya mai kauri. Nace masa to ta yaya aka zaɓe su, yace tun a ƙwallo ake ganewa, mai tsagar da ta buɗe mace ce. Muna cikin haka dattijon ya fito daga wajen injin ban ruwa yana goge hannu a riga, ya ji ƙarshen maganar, sai yace kai rufe mana baki, sannan ya juyo gare ni yace Malam kar ka biye masa, na leda Allah ne kaɗai Ya san na ciki, in ka ɗauki goma ka sa a ranka biyar maza ne, in sun zo da sauƙi ka gode. Wallahi wannan maganar ita ta sa na zauna a kan benci na fasa tafiya, dan na sha zagaya masu dashe daga Wudil har Gaya kowa rantsuwa yake maka mace ce, sai kace shi ya halicce ta.

Ni ina koyar da darasin noma ne a sakandare, to wannan fannin ina ɗan bibiyarsa, kuma abin da Baba ya faɗa shi ne daidai. Dabino ba kamar masara ba ne da za ka ga namiji a sama, wato tutar nan, mace kuma a goyo, duk a jikin kara ɗaya. Shi bishiyar namiji daban ta mace daban, haka giginya take, haka goruba. Ƙwallon da ka shuka kuwa kusan rabi da rabi yake fitowa, kuma babu wata alama a ganye ko a ƙaya ko a siffar ƙwallo da aka tabbatar tana nuna jinsi, masu bincike sun gwada sun gaji. Sai ranar da ya fitar da fure, wanda zai iya kai ka shekara 5, wani har 7 ko 8 in ruwa bai ishe shi ba. Ka yi tunanin mutum yana ɗauko ruwa a jarka shekara da shekaru, yana kare shi daga awaki da ƙaya, ya hana gurin gero, rana ɗaya kwasfar furen ta fashe sai ga farin gari yana tashi, namiji. Kawuna haka ta faru da shi a bayan gida, har yanzu in aka yi maganar dabino sai ya yi tsaki ya tashi. Kuma ko ta zo mace ɗin ba a gama ba, dan 'yar ƙwallo ba ta ɗauko uwarta sak, rabin gadonta na uban da ba ka sani ba ne, sai ka sha dabino mai zaƙi ɗan Madina ka adana ƙwallon ka shuka, ta girma ta ba ka wani abu mai bauri duk ƙwallo ba tsoka. Sayen na leda da sunan mace cinikin biri a sama ne kawai.

Amma fa ba wai ba a iya ganewa kwata-kwata ba, ana iyawa, sai dai ba da ido ba. A shekarar 2011 masu bincike na kwalejin likitanci ta Weill Cornell reshen Qatar suka karanta ƙwayoyin gadon dabino, sun yi amfani da irin da ake kira Khalas, suka gano cewa tsarinsa irin namu ne na mutane, mace XX namiji XY. Dabino yana da kuromosom, wato zarurrukan da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, guda 36, tagwaye 18 ke nan, a cikin tagwaye ɗaya ne bambancin yake. A 2018 kuma suka ƙara zurfafawa, suka tattaro duk dangin dabino iri 14 har da na daji, maza da mata, suka kwatanta, sai suka tarar ƙwayoyin gado 4 ne kacal ake samu a jikin kowane namiji babu su a mace, biyu daga ciki aikinsu haɗa garin fure ne, akwai kuma wadda ake zaton ita ke danne ɓangaren mace kar ya girma a furen namiji. To tunda an san abin da za a nema, yanzu ana iya yankar ɗan guntun ganye na dashen da bai fi wata nawa ba a kai ɗakin gwaji a yi gwajin DNA, in an ga alamar Y namiji ne in babu mace ce, shi ke nan ba jiran shekara 5.

Na tambayi Baba ko suna kai nasu irin wannan gwajin, ya yi dariya yace ɗana kuɗin gwajin ai sai ya fi kuɗin dashen, wa zai saya. Gaskiyarsa ce ta wani ɓangaren, amma ni a ganina in mutum zai sa gona guda, kuɗin gwaji bai kai asarar ban ruwan shekaru ga maza hamsin ba. Kuma abin haushi ga mu da tashar binciken dabino ta NIFOR a nan Dutse, cibiyar binciken kwakwar manja ta ƙasa da hedikwatarta take kusa da Benin, ga dabino a gari ko ina, ga kasuwar Shuwarin ana sauke buhunan dabinon Nijar mota-mota muna saya, ya ci ace ƙaramin manomi yana da inda zai kai ganye a duba masa da kuɗi kaɗan kamar yadda ake gwajin jini a kemis. Wannan ba laifin Baba ba ne, na dai faɗa ne dan yana cina.

Tunda na ambaci XY bari in ɗan ratse, dan jiya-jiyan nan na ji ana zagin wata baiwar Allah a unguwarmu wai ta cika gida da mata. A mutum uwa X kawai take bayarwa ko da yaushe, uba ne ke kawo X ko Y, to in ma akwai wanda za a tuhuma ba ita ba ce, balle ma kyautar Allah ce ba a hannun kowa take ba. Tun 1905 wata mai bincike a Amurka, Nettie Stevens, ta gano wannan tsarin a jikin wani ƙwaro, sannan a 1990 aka gano ainihin ƙwayar gadon da ke kan Y mai juya ɗan tayi ya zama namiji, ana ce mata SRY. Abin mamaki a kaji abin a juye yake, zakara ne mai iri ɗaya ZZ, kaza ce mai ZW, wato ita ke yanke ko ɗan tsako zai zama zakara ko kaza. Kada kuwa ba ruwansa da wannan lissafin gaba ɗaya, zafin ramin da aka binne ƙwan ne yake yankewa. Ƙudan zuma kuma namijinsu daga ƙwan da ba a yi wa barbara ba yake fitowa, wato ba shi da uba. Ɗalibaina in na kawo nan sai su ce Malam ƙarya ne. Ikon Allah dai.

Mu koma lambu. Ɗan gindi shi ne ainihin hajar wajen kuma shi na saya. Shi ba haihuwa ba ce, yanki ne na jikin uwar, saboda haka duk abin da take shi zai zama, in mace ce mace, in mai zaƙi ce mai zaƙi, in mai nuna da wuri ce haka. Kuma yana riga na ƙwallo fara 'ya'ya, wajen shekara 3 zuwa 4 in ya samu kulawa. Abin da ya burge ni, Baba ba ya tara su a gefe yace zaɓi, a'a kai zai kai ka gindin uwar ka gan ta da idonka, in lokacin 'ya'ya ne ka ɗanɗana, in ba lokacin ba ne ga sauran tsofaffin zangarniyar nonon da aka yanke a jikinta ka gani ka san ta taɓa haihuwa, sannan ka nuna ɗan da kake so a cire a gabanka. Kowace uwa ya shafa mata fenti, ja mace, shuɗi namiji. Wannan yana da muhimmanci fiye da yadda mutane suke zato, dan namiji ma yana fitar da 'ya'yan gindi, kuma da zarar an cire an ɗaure a buhu babu mai bambance ɗan gindin namiji da na mace. Duk wanda ya kawo maka ɗan gindi a bayan mashin ranar kasuwa yace daga mace ya ciro, to maganarsa kawai ka saya.

Cirewar kanta aiki ce, na tsaya na kalla tun daga farko. Sun fara jiƙa gindin tun da safe, sannan aka tone ƙasar a hankali da hannu da ƙaramar fartanya har saiwoyin ɗan suka bayyana farare, Baba ya tsuguna ya laluba da yatsa yana neman inda ɗan ya haɗu da uwa, wani ɗan wuya ne siriri a can ƙasa. Nan ya kafa dagi mai faɗin baki, yaron ya riƙa dukan kan dagin da guduma, shi kuma yana cewa a hankali, karkata hagu, tsaya, sai da muka ji ƙas, ɗan ya saki. Ko sau ɗaya bai bari an ja shi da ƙarfi ko an jijjiga ba, yace in zuciyar, wato tohon tsakiya, ta girgiza ya mutu ko da ganyen yana kore wata uku. Ya rage ganyen waje, ya ɗaure sauran ya datse kansu, ya shafa toka da magani a inda aka yanka a jikin ɗan da jikin uwar, ya maida ƙasa ya rufe mata, sannan aka naɗe saiwar da jiƙaƙƙen buhun algarara. Da na ɗaga sai da na yi nishi, ya yi nauyin da ake so, dan a ƙa'ida ɗan gindi mai kyau yakan kai kilo 10 zuwa 20 da saiwarsa. Akwai wani ƙarami kyakkyawa da na nuna yace a'a wannan sai baɗi, bai yi saiwa ba, in na ba ka na cuce ka. Mutumin da ga kuɗi a hannu ya ƙi karɓa, ka san da sauran mutanen kirki.

To sai kuɗi. Da tsada, ba zan ɓoye ba. Kuɗin ɗan gindi ɗaya zai saya maka na leda cike da baro har da canji, kuma Baba ba ya ragi, in ka cika ciniki sai ya tashi ya koma wajen injinsa ya bar ka da yaro. Da farko na ji zafi, amma in ka lissafa uwa ɗaya 'ya'yan da za ta bayar a rayuwarta ƙididdigaggu ne, kuma tana ƙuruciya take bayarwa, in ta girma ta yi sama ta daina, sannan kowane ɗa sai ya yi shekaru a jikinta kafin ya isa cirewa, to ka ga dole ya yi tsada. Akwai wanda ake rainonsa a kwalba a ɗakin gwaji, daga tsoka ɗaya a fitar da dubbai duk mata, shi ƙasashen Larabawa suke cika gonakinsu da shi irin su Medjool da Barhi, amma Baba ba ya da shi, yace bai iya da shagwaɓarsa ba.

Inda na fara jin haushinsu shi ne bayan ciniki. Ba rasit, ba takarda, ba ko ɗan kati da zai nuna daga wace uwa aka ciro wanne. Na ɗauko daga uwa daban-daban, kafin mu iso gida a bayan a-kori-kura sun cakuɗe, yanzu sai sun yi 'ya'ya zan san wacce ce wacce. Ledar fiya wata da maka ai sun isa a ɗaura wa kowanne lamba, ba wani abin kashe kuɗi ba ne. Sannan a cikin waɗanda na dasa akwai wanda ya bushe, zuciyar ta ruɓe na ja ta fito a hannuna tana wari, alhali ban ruwa ɗaya inuwa ɗaya na yi musu da sauran. Na san ɗan gindi dama ba duka yake kamawa ba ko a hannun ƙwararru, ban ce sun cuce ni ba, amma ranar ciniki yaron da bakinsa yace in ya mutu a wata ukun farko za a canja, da na kira sai Baba yace shi bai san da wannan alkawarin ba. Muka yi ta ja, daga ƙarshe yace in zo lokacin cira na gaba ya ba ni a rabin kuɗi. Na karɓa, amma ku in kun je duk maganar da yaron ya faɗa muku ku maimaita ta a gaban dattijon kafin ku miƙa kuɗi. Wayarsu ma sai a hankali, ka kira sau nawa a kashe ko ba sabis, kuma ba sa karɓar tiransifa, sai ka koma titi ka nemi mai POS ya cire nasa.

Aikin barbarar kuwa ban da abin cewa sai sambarka. Ba a sababbin ba, su da saura, akwai tsofaffin mata biyu na gado a gonarmu da tun ina yaro 'ya'yansu ba sa kirki, sai su fito ƙanana uku-uku a manne ba ƙwallo a ciki, su yi ta zuba, waɗanda suka tsaya kuma ba sa nuna da kyau, a gida har an yanke cewa irinsu ne haka ko kuma iska ce a jikinsu. Ashe rashin namiji ne a kusa. Furen mace ɗaki uku gare shi, in garin namiji ya same shi ɗaya ne yake girma ya zama dabino sauran biyun su faɗi, in bai samu ba sai duka ukun su kumbura a banza. Da sanyin nan da kwasfar ta fara tsagewa na kira su, da yake na yi sa'ar samunsu washegari yaron ya zo da sassafe ya zauna ya sha koko sai da hantsi ya ɗaga raɓa ta bushe, yace in da laima garin ba ya tashi. Ya hau da igiya ba takalmi, ya fara sare ƙayoyin da ke kusa da furen, ya ƙarasa buɗe kwasfar da wuƙa, ya ciro silin furen namiji guda uku daga wata jakar takarda a aljihunsa, ya karkaɗa su a kan na macen har ina hango farin garin daga ƙasa, sannan ya cusa su a tsakiya a kife ya ɗaure nonon sako-sako da ganyen dabinon. Yace kwana biyu zuwa huɗu bayan ta buɗe shi ne lokacinta, in an wuce mako an yi asara, kuma tunda ba rana ɗaya duk suke buɗewa ba sai ya dawo. Ya dawo ɗin kuwa ba tare da na yi ta bin sa ba. A nan bakin nasa ya yi amfani, dan duk abin da yake yi yana bayani, ƙanena yana ƙasa yana ɗauka a waya. Bana sai da muka tokare nonon da itace saboda nauyi, tsohuwarmu ta aika wa maƙwabta a kwano tana cewa bishiyar Malam ta warke.

Kuma wannan ba sabon abu ba ne da Bature ya kawo. Hadisin yana nan a Sahihu Muslim, lokacin da Annabi SAW ya tarar da mutanen Madina suna yi wa dabino barbara, aka bari shekarar 'ya'yan suka lalace, yace ku ne mafi sanin al'amarin duniyarku. Turawa sai a 1694 wani Bajamushe Camerarius ya tabbatar da gwaji cewa tsirrai ma suna da namiji da mace, alhali manoman dabino a Iraƙi da Masar sun yi dubban shekaru suna hawa da furen namiji a hannu.

Wani abin da Baba ya faɗa min da na ɗauka cika baki ne, wai ba kowane namiji ba ne namiji, nasa zaɓaɓɓe ne, garinsa yana sa dabino ya yi girma ya nuna da wuri. To wannan ma akwai shi a bincike tun wajen 1928 a Amurka, an ga cewa irin namijin da aka ɗauko garinsa yana taɓa girman ɗan dabinon da na ƙwallon da lokacin nunarsa, a mace ɗaya ka yi wa nono biyu da maza daban ka ga bambanci. A wajenmu da dabino kan yi fure sau biyu a shekara, kuma na damina ruwa ke lalata shi, nuna da wuri ba ƙaramin abu ba ne. Yana shanya garin a inuwa ya adana a kwalba a wuri mai sanyi, yana sayarwa ma in kana da mai hawa. Da barbarar hannu namiji ɗaya mai kyau zai ishi mata wajen 50, saboda haka wanda ya sa na leda suka zo masa maza rututu ba sai ya bar su duka ba, amma kuma kar a yi irin ta mutanenmu a bi su da gatari gaba ɗaya dan ba sa haihuwa, a duba wanda kwasfarsa ta fi girma garinsa ya fi yawa a bar shi.

Gwandarsu ce ban yaba ba sam, kuma a nan har Baban ban cire shi ba. Suna sayar da ita ɗaya-ɗaya a leda, irin daga gwandar kasuwa suke cirowa, kuma yaron yana nan da tatsuniyarsa wai baƙin iri mace fari namiji, wai kuma in ta zo namiji ka buga mata ƙusa ko ka sare kan za ta juya. Farin iri bai ƙosa ba ne kawai. Gwanda jinsi uku gare ta, akwai namiji mai dogayen silin fure da ke reto, akwai mace mai fure babba a manne da jiki mai 'ya'ya gewayayyu, akwai kuma mata-maza mai haɗe da duka biyun a fure ɗaya, ita ce mai dogayen 'ya'yan nan da 'yan kasuwa suka fi so kuma ba ta buƙatar namiji a kusa. A 2004 masu bincike a Hawaii suka nuna gwanda tana da nata Y ɗin, iri biyu ma, ɗaya na namiji ɗaya na mata-maza. Lissafin da ya kamata mai lambu ya sani: in mata-maza ta yi wa kanta barbara, irinta kashi biyu cikin uku mata-maza ne kashi ɗaya mata, babu namiji ko ɗaya. In kuwa mace ce namiji ya yi mata, rabi maza ne. To da Baba zai ware doguwar gwanda mai kyau ya rufe furenta da takarda kafin ya buɗe ya ɗebi iri daga nan, da ya huta ya hutar da mu. Namijin gwanda yakan ɗan yi 'ya'ya jefi-jefi in yanayi ya canja, daga nan ne maganar ƙusa ta samo asali, amma gadonsa bai canja ba. Da na faɗa masa haka sai yace gwanda ai wata biyar ta nuna kanta, ba dabino ba ce, wanda ya samu namiji ya tuge. Haka ne, amma to a gaya wa mai saye ya sa uku a rami ɗaya in sun yi fure ya bar mai kyau, ba a ba shi ɗaya a ce mace ce ba. Ni nawa da na saya kusan rabi maza suka zo, tumaki suka ci ganyen.

In za ku je, ku je da safe kafin rana ta yi, kuma ku nemi zuwa lokacin da dabino ke kan bishiya dan ku ɗanɗana uwar da kanku. Ku tafi da tsabar kuɗi, da maka da igiya ku sa wa kowanne alama a gurin. Ku haƙa ramukan tun kafin ku taho, taku 8 zuwa 10 na babban mutum tsakanin rami da rami, dan ɗan gindi ba ya son kwana a buhu, kuma kar a binne zuciyar, ruwa ya riƙa zagaye ta kar ya shiga ciki. Ku sa ido kan gara. Da damina burjin nan ƙaramar mota ba ta shiga, mu ma sai da aka turo mu, gara mashin ko a bar motar a titi a ɗauko da kura.